Auki da wadata: yadda ake auna cin albarkatun ƙasa, da misalai daga Maraɗi, Tsibiri da Jiratawa

Taƙaitawa

Wannan maƙala tana bayani ne a kan ma'aunan da masana suka ƙirƙiro don gane ko al'umma tana samun zaman wadata gwargwadon ƙasa da ruwa da itacen da take ci. Za mu nuna cewa kowane ma'auni irin wannan lissafin rabawa ne, kuma sakamakonsa ya dogara ga kalmomin da aka zuba a cikinsa. Za mu gwada kalmomin Hausa da suka dace da aikin, sa'an nan mu ɗora su a kan misalai uku daga kwarin Gulbin Maraɗi.

0. Gabatarwa

Tun daga watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Wannan ya ƙara wa masu nazarin harshe nauyi, domin kalmomin da ake tsara manufofin gona da daji da ruwa da su har yanzu da Faransanci ake tunaninsu, sai an zo bakin gona a juya su. Wanda ke juyawar kuwa galibi ɗalibi ne da aka ɗauka aikin tambayoyi na ƴan kwanaki, aka ba shi takarda da Faransanci, aka bar shi da dattijon da bai taɓa shiga lakkwal ba.

Mun taɓa zama a wani taron horar da irin waɗannan matasa, inda tambaya ɗaya tak a kan bien-être ta fito da fassara huɗu daga baki huɗu: wani ya ce lafiya, wani jin daɗi, wani kwanciyar hankali, wani kuma arziki. Amsoshin duka an zuba su a gurbi ɗaya, an fitar da alƙalumma ɗaya. Irin wannan alƙalumma ce ke tafiya Yamai, daga can ta wuce ƙasashen waje, ta komo mana a matsayin hukunci a kan halin da muke ciki. Saboda haka muke ganin batun ma'auni ya shafi sashen harsuna kamar yadda ya shafi sashen tattalin arziki.

1. Ma'aunin lissafin rabawa ne

Abin da ake kira efficience da Faransanci ba shi da wuyar ganewa. Ana ɗaukar abin da aka samu, a raba shi da abin da aka kashe. Manomin da ya ce gonarsa ta ba shi dami 60 bai gama magana ba sai ya faɗi girman gonar. Haka ita ma al'umma: tsawon rai da ƙoshi da ilimin da ta samu su ne na sama, ƙasa da ruwa da itace da makamashin da ta ci su ne na ƙasa.

Daga nan abubuwa biyu ke fitowa, kuma ya kamata mai karatu ya riƙe su har ƙarshen maƙalar. Na farko, sakamako yana iya hawa ta hanya biyu: ko na sama ya ƙaru, ko na ƙasa ya ragu. Gidan da ya rage cin tuwo daga sau biyu zuwa sau ɗaya ya rage itacen da yake ƙonawa, amma ba wanda zai yaba masa da iya tattali. Na biyu, lissafin shekara ɗaya ba ya nuna ko abin zai ɗore. Ɗan kasuwar da ke cin uwar kuɗinsa yana iya fin maƙwabcinsa cin nama bana, baɗi kuwa ya rufe shago.

2. Manyan ma'aunai huɗu

2.1. Mafi tsufa shi ne PIB, wato jimillar kuɗin abin da ƙasa ta samar a shekara. Asalinsa aikin Simon Kuznets ne a Amurka, wanda ya gabatar da rahotonsa a 1934. PIB na sama kawai yake ƙirgawa, kuma da kuɗi. Idan aka sare daji aka sayar da itacen, PIB ya ƙaru. Dajin da ya ɓace ba a cire shi daga ko'ina.

2.2. A 1990 hukumar PNUD ta fitar da IDH, ma'aunin ci gaban ɗan adam, bisa jagorancin Mahbub ul Haq na Pakistan da taimakon Amartya Sen na Indiya. Ya haɗa tsawon rai da ilimi da kuɗin shiga. A rahotannin 2019 da 2020 Nijar ce ta 189 cikin ƙasashe 189. Wannan ma'auni ya gyara na sama, amma bai tambayi abin da aka ci ba. Sai a rahoton 2020 PNUD ta ƙara wani sabon salo da ke rage wa ƙasa maki gwargwadon hayaƙin da take fitarwa da kayan ƙasan da take cinyewa.

2.3. Na uku shi ne empreinte écologique, wanda za mu kira sawun ɗan adam. William Rees da Mathis Wackernagel suka tsara shi a Kanada a farkon shekarun 1990. Yana juya duk abin da mutum ke ci da sha da ƙonawa ya koma faɗin ƙasa: gonar da ta ciyar da shi, makiyayar da ta ba shi nama da nono, dajin da ya ba shi itace, da dajin da ake bukata don shanye hayaƙinsa. Idan aka raba ƙasa mai amfani ta duniya ga mutanenta, kowa zai samu kimanin hekta 1,6. Abin da ake ci a matsakaici ya wuce hekta 2,5. Wannan ma'auni na ƙasa kawai yake ƙirgawa.

2.4. Na huɗu ya haɗa biyun. A 2006 cibiyar New Economics Foundation ta Landan ta fitar da abin da ake kira da Faransanci indice de la planète heureuse. Ana ninka tsawon rai da gamsuwar da mutane suka ce suna da ita, a raba da sawunsu. A jerin farko tsibiran Banuwatu suka zo na ɗaya, Amurka ta zo ta 150 cikin 178. A 2009 da 2012 da 2016 Kosta Rika ce a gaba. Ƙasashen Afirka ta kudu da Sahara, duk da ƙanƙantar sawunsu, galibi a ƙarshen jerin suke, domin gajartar rai tana rushe na sama.

Darasin da ke cikin wannan ya shafe mu kai tsaye. Ɗan Nijar yana fitar da kimanin kashi ɗaya cikin goma na tan ɗin iskar karbon a shekara, Ba'amurke yana fitar da fiye da tan 13. Duk da haka ƙarancin ci bai isa ya sa a ce al'umma ta iya ba. Wani bincike na jami'ar Lids da Daniel O'Neill ya jagoranta, wanda ya fito a 2018 a kan ƙasashe wajen 150, bai samu ko ɗaya da ta biya bukatun mutanenta ba tare da ta wuce iyakar abin da duniya ke iya ɗauka ba. Masu ƙoshi sun wuce gona da iri, masu ƙaramin sawu ba su ƙoshi ba.

3. Kalmomin Hausa

3.1. Na sama: mene ne aka samu?

Gamsuwar da ma'auni na huɗu ke amfani da ita tana fitowa ne daga tambaya ɗaya da cibiyar Gallup ke yi a ƙasashe da yawa, wadda Hadley Cantril ya tsara a 1965. Ana ce wa mutum ya ɗauka akwai tsani mai matakai daga 0 zuwa 10, na sama shi ne rayuwa mafi kyau da zai iya samu, na ƙasa mafi muni, sai ya faɗi inda yake tsaye. Dubi waɗannan jimloli:

(1) Muna lafiya, sai dai babu hatsi.
(2) Yana da arziki, amma ba shi da kwanciyar hankali.
(3) Ba mu da kome, amma Allah ya rufa asiri.
(4) Abin da muka noma ya wadace mu har kaka.

Jimla ta (1) tana nuna cewa lafiya ba ta ɗauke da ƙoshi a cikinta, kuma a gaisuwa ba a amsa ta da a'a. Ta (2) tana raba arziki da natsuwa. Arziki kansa ya wuce dukiya: Guy Nicolas da Claude Raynaut, waɗanda suka yi dogon bincike a wannan kwari, sun nuna cewa rabo ne da ke tare da mutum, yana zuwa yana tafiya, Emmanuel Grégoire kuma, a littafinsa na 1986 a kan alhazan Maraɗi, ya nuna muhimmancin arzikin mutane, wato yawan waɗanda ke ƙarƙashin mutum suna yi masa hidima yana ɗauke da su. Rufin asiri na jimla ta (3) shi ne mafi ƙarancin abin da magidanci ke roƙo: kada ya kai ga bara, kada maƙwabta su ji kukan gidansa.

Kalmar da muke ganin ta fi dacewa ita ce ta jimla ta (4). Aikatau ɗin wadata yana bukatar abubuwa biyu, abin da ya isa da wanda ya isa, kuma yana karɓar iyakar lokaci: har kaka, har watan bakwai. Ke nan ana iya ƙirga shi. Yana kuma da iyaka daga sama, domin abin da ya wuce wadata sunansa daban ne.

Akwai kuma matsalar ladabin magana. Bahaushe ba ya son ya ce yana mataki na 2, kada ya zama mai butulce wa Ubangiji. Ba ya son ya ce yana na 9, saboda tsoron baki. Idan kuwa mai tambaya ya sauko daga motar furoje, amsa tana iya gangarowa, ko a dace da rabo. Waɗannan duka sanannun abubuwa ne ga mai nazarin mu'amalar harshe, amma ba su da gurbi a takardar tambayoyi.

3.2. Tsakiya: wace kalma ce ta rabawar?

An sha fassara efficience da inganci ko nagarta. Waɗannan suna siffanta kyawon abu ne, ba su ɗauke da gwama samu da kashewa. Tattali ya fi kusa, sai dai hali ne na mutum, kuma ya fi karkata ga rage ci. Albarka tana nuna ƙaramin abu da ya yi yawan amfani, amma daga Allah take, ba a sa mata alƙalami. Akwai wata kalma da mata suka fi maza amfani da ita:

(5) Wannan shinkafa tana da auki.
(6) Hatsin bana ba shi da auki.
(7) Kuɗin yanzu ba su auki.

Mai girki da ta faɗi jimla ta (5) ta yi lissafin rabawa cikakke: tiya nawa ta zuba, baki nawa suka ƙoshi. Auki ba ya nufin an ci kaɗan an kwana da yunwa, kuma ba ya nufin an dafa da yawa. Shi ya sa muke ba da shawarar a ce aukin ƙasa, aukin ruwa, aukin itace, a kuma kira ma'aunin gaba ɗaya ma'aunin auki.

3.3. Na ƙasa: mene ne aka ci, kuma zai ɗore?

Kafofin watsa labarai sun riga sun zaunar da ci gaba mai ɗorewa a matsayin fassarar développement durable, kalmar da rahoton Brundtland na 1987 ya yaɗa. Fassarar ba ta da laifi, amma ba ta bayyana kome ga manomi. Shi yana da nasa kalmomi. Yana cewa ƙasa ta gaji, gona ta mutu, rijiya ta ja baya. Ya san bambancin uwa da riba a kasuwa, ya san wanda ya ci iri ya ci baɗi. Da waɗannan ake iya bayyana masa ɗorewa a jimla ɗaya: a ci riba, a bar uwa. Ma'aunin auki na gaskiya dole ya ƙirga abin da aka ɗiba daga uwa a matsayin bashi.

4. Misalai uku daga kwarin Gulbin Maraɗi

Gulbin ya taso ne daga jahar Katsina ta Najeriya, ya shigo Nijar ta gundumar Madarumfa, ya bi ta Jiratawa da Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji, ya sake komawa Najeriya ya haɗu da gulbin Rima. Wuraren nan uku suna kusa da juna, amma kowanne da albarkar da ta fi matse shi.

4.1. Jigawa: aukin ƙasa

Tsibiri, mazaunin sarautar Gobir tun bayan yaƙin Gawakuke na 1836, yana bakin kwari ne, amma yawancin gonakin talakawansa a jigawa suke, inda ake noman hatsi da wake da ruwan sama. A nan ƙasa ce ta yi kaɗan. Ƙidayar 1977 ta samu mutum wajen 950.000 a jahar Maraɗi; ta 2012 ta samu miliyan 3,4. Ƙasar ba ta ƙaru ba. Barin gona ta huta, wanda shi ne tsohon maganin gajiyarta, ya kusa ɓacewa a kudancin jahar.

Mu yi ɗan lissafi. Ma'aikatar gona tana ƙiyasta bukatar mutum ɗaya a kan kilo 231 na hatsi a shekara, wato tiya 92 idan tiya ta kai kilo biyu da rabi. Gida mai mutum 8 yana bukatar kilo 1.848. A ce hekta ta ba da kilo 450, wanda bai yi nisa da abin da aka saba gani ba, sai gidan ya mallaki fiye da hekta 4 kafin hatsinsa ya kai shi kaka. Ta fuskar ruwa kuma: damina mai milimita 500 tana zuba mita kubik 5.000 a kan hekta ɗaya, ke nan kowane kilo na hatsi ya tashi a kan lita 11.000. Wanda ya tsaya nan zai ce gonar jigawa ba ta da auki sam.

Amma lissafin ya manta da abubuwa. Gonar ta ba da wake da harawa, ta ba da kara na darni da na dabbobi, ta ba da yakuwa da ganyen miya. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 kuma ta koma ba da itace. A 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ke aiki da mishan ta SIM a Maraɗi, ya lura cewa kututturan da ake sassabewa kowace bazara suna da rai, kuma idan aka bar ƴan rassa aka gyara su sai su zama itace. Yunwar 1984, wadda mutane ke kira El Buhari, ta sa manoma da yawa suka gwada abin a cikin shirin aiki don abinci. A watan Mayu na wannan shekara aka yi babban taron ƙasa a kan yaƙi da hamada a nan Maraɗi. Daga baya dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004 suka sassauta riƙon da gwamnati ke yi wa itatuwa, manomi ya fara ganin kalgo da sabara da gawon gonarsa a matsayin nasa. Binciken Chris Reij da Gray Tappan da Mahamane Larwanou ya ƙiyasta cewa wannan sassabin zamani ya kai hekta miliyan 5 a jahohin Maraɗi da Damagaram da kewaye, da itatuwa wajen miliyan 200.

Wannan shi ne auki a cikakkiyar ma'anarsa. Ba a ƙara faɗin ƙasa ba, ba a sayo kome daga waje ba, amma na sama ya ƙaru kuma uwa ta ƙaru. Gawo yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa hatsi rana, yana kuma takin ƙasa. PIB bai ga yawancin wannan ba, domin itacen da mace ta ɗebo a gonar mijinta bai bi ta kasuwa ba.

4.2. Jiratawa: aukin ruwa

A Jiratawa an gina filin noman rani na fiye da hekta 500 a farkon shekarun 1980, a ƙarƙashin furojen raya karkara na Maraɗi da Bankin Duniya ya sa wa kuɗi, tare da kulawar ofishin ONAHA da aka kafa a 1978. Ruwan daga ƙarƙashin ƙasa ake jawo shi, ta rijiyoyin burtsatse masu famfon lantarki, a raba shi ga ƙananan filaye. Ana noma fiye da sau ɗaya a shekara: zogale, tumatir, tattasai, albasa, masara.

A nan sakamakon ya dogara ga abin da aka sa a ƙasan lissafi. Idan hekta aka sa, Jiratawa ta ninka jigawa sau da yawa. Idan ruwa aka sa, tazarar tana raguwa, kuma akwai bambancin da lamba ba ta nunawa: ruwan jigawa kyauta ya sauko, na Jiratawa daga ajiya aka ɗebo shi. Idan kuɗin wuta aka sa, sai a gane dalilin da ya sa kuɗin ruwa ya daɗe yana zama babban abin muhawara a ƙungiyoyin manoman irin waɗannan filaye, da dalilin da ya sa manomi ke barin abin ci ya koma ga abin sayarwa.

Ajiyar ruwan kuma ba ta Jiratawa kaɗai ba ce. Ambaliyar gulbi ce ke cika ta kowace damina. Wajen 1990 Najeriya ta kammala madatsar Jibiya a kan gulbin Gada, wanda shi ne kan Gulbin Maraɗi, kuma a ranar 18 ga Yuli 1990 ƙasashen biyu suka sa hannu a Maiduguri a kan yarjejeniyar raba ruwan gulaben da suka haɗa su, har da wannan. Haka nan wutar da yankin ke amfani da ita, shekaru da dama kaso mai yawa daga Najeriya ake sayo ta, kuma yanke wutar da aka yi wa Nijar a watan Agusta 2023 ya tuna wa kowa wannan. Abin lura ga mai ma'auni shi ne: iyakar lissafi ba ta bin iyakar ƙasa. Abin da ya ƙara aukin ruwa a Jibiya yana iya rage shi a Jiratawa da Tsibiri, kuma ma'aunin da ke jera ƙasashe ɗaya bayan ɗaya ba zai ga haka ba.

4.3. Birnin Maraɗi: wa ya ci aukin?

Birni shi ne inda ra'ayin sawu ya fi fitowa fili. Maraɗi, wadda ta hau tudu bayan ambaliyar 1945, tana da mutum wajen 267.000 a ƙidayar 2012. Idan aka ɗora musu kilo 231 kowanne, hatsinsu na shekara ya haura tan 61.000, da kilo 450 a hekta, wannan gonar fiye da hekta 135.000 ce. Ga itacen girki, wanda dajin Babban Rafi ya daɗe yana cikin masu ba da shi, kuma dokar 1992 ta kasuwannin itace na karkara don daidaita irin wannan ɗiba aka yi ta. Sawun birnin ya ninka faɗinsa sau da yawa.

Shekarar 2005 ta koyar da darasi na ƙarshe. Giɓin hatsin daminar 2004 a ƙasa baki ɗaya bai kai kashi 10 cikin ɗari na bukata ba. Duk da haka farashin buhu ya yi tashin da talaka bai iya bi ba, kuma jahar Maraɗi, wadda ake kira rumbun ƙasa, ita ta fi yawan yara masu tamowa. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar fiye da yara 60.000 masu tamowa mai tsanani a Nijar a wannan shekara, mafi yawansu a wannan jaha. Hatsi yana kasuwa, sai dai wanda ya noma shi ya riga ya sayar tun kaka don biyan bashi. Binciken Marthe Diarra da Marie Monimart ya kuma nuna yadda matsin ƙasa a kudancin jahar ke raba mata da gamanarsu, wato ƴar gonar da mace ke nomawa don kanta da ƴaƴanta. Matsakaicin lissafi yana ɓoye irin wannan. Tukunya tana iya yin auki, wani yaro ya kwana bai samu ba.

Adalci ne kuma a faɗi ɗaya gefen. Binciken lafiya na ƙasa ya nuna mutuwar yara ƴan ƙasa da shekara 5 ta sauko daga 318 cikin dubu a 1992 zuwa 127 a 2012. An samu wannan da rigakafi da gidan sauro da kusanto da likita, abubuwan da ba su ci ƙasa ko daji ba. Ga wanda ke neman inda za a ƙara na sama ba tare da taɓa uwa ba, wannan misali ne babba.

5. Shawarwari

Daga abin da ya gabata muna ba da shawarwari huɗu ga abokan aiki da ɗalibai.

a) A rubuta takardar tambayoyi da Hausa tun farko, a gwada ta a ƙauye, sa'an nan a juya ta zuwa Faransanci. Kalma ɗaya ta tsaya ga ma'ana ɗaya daga farkon bincike har ƙarshensa.

b) A fi dogara ga tambayar da ake amsawa da ƙirge. Wata nawa hatsinku ya kai ku? Gaba nawa ne igiyar rijiyarku bana, nawa ce shekara goma baya? Yaushe mace ke fita neman itace, yaushe take komowa? Waɗannan ba su shiga tarkon ladabin da muka ambata a 3.1.

c) A auna ma'aunan gargajiya kansu. Dami ba ɗaya ba ne daga gari zuwa gari, ko daga shekarar ƙoshi zuwa ta fari. Tiya ma akwai cikakka akwai shafaffa. Kowane bincike ya faɗi kilo nawa daminsa ya ba da bayan sussuka.

d) Kada a bayar da lamba ɗaya ita kaɗai. A ajiye uku gefe da gefe: wadatar da aka samu, abin da aka ci, da halin da uwa ke ciki. A kuma raba ta farko tsakanin maza da mata, da tsakanin masu gona da marasa ita.

6. Kammalawa

Mun ga cewa manyan ma'aunan duniya kowanne yana haska ɓangare ɗaya, kuma wanda ya haɗa samu da ci ma yana iya ruɗar mai karatu idan bai san abin da aka zuba a sama da ƙasa ba. Mun ga Hausa tana da kalmomin da suka isa aikin: wadata ga abin da ake nema, auki ga dangantakar samu da ci, uwa da riba ga ɗorewa. Misalan kwarin sun nuna cewa a jigawa an ƙara auki da abin da ke cikin gona, a Jiratawa aukin ya rataya ga ruwa da wutar da ke ƙetaro iyaka, a birni kuma tambayar ta koma ta rabo.

Aikin da ya rage na tattara kalmomi ne. Muna fatan ɗaliban da ke neman batun kundi za su ɗauki rakoda su zauna da manoman Tsibiri da na Jiratawa da matan unguwannin Maraɗi, su naɗo yadda ake amfani da auki da wadata da gajiyar ƙasa a magana ta yau da kullum, su kuma gwada su da takwarorinsu na Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Barbarci. Muna maraba da gyara daga abokan aiki na sashen gona da na labarin ƙasa, musamman a kan lissafin da ke sashe na 4.